Yaro na shan maganin ƙoda, ido ya fara ba shi matsala: a daina maganin ne?

Maman Sadiq (Gangare):
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Ɗana shekararsa 8, tun yana aji ɗaya aka ce ƙodarsa na zubar da furotin a fitsari, ciwon nan da ido ke kumbura da safe, fitsari ya riƙa kumfa. Sai a ɗora shi kan firednisolon ya samu sauƙi, da an rage ciwon ya dawo, a sake ɗorawa. Haka muke ta fama. To yanzu malaminsu ya aiko cewa yana runtse ido in zai kalli allo. Ni ma na lura in mun fita da rana sai ya kare fuska da hannu, wai hasken na watse masa. Da yamma kuwa ƙalau yake gani. Na haska idon da tocilan waya, babu fari, babu ja. Maganin ne ya jawo, ko ciwon ne ya hau ido?

Maman Joy (Tudun Wada):
Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. An taɓa kai shi wurin likitan ido tun da ya fara maganin?

Maman Sadiq (Gangare):
Amin Maman Joy. Wallahi ba a taɓa ba. Fitsari da jini kawai muke kaiwa.

Baban Ummi (Rikkos):
Allah ya sawwaƙe. Ni dai na daɗe ina faɗa a zauren nan, wannan magani yana da ɓarna. 'Yata fuskarta ta yi suntum, tsayinta ya tsaya, ƙanwarta har ta kamo ta. Yanzu ga ido kuma. An gudu ba a tsira ba ke nan. Maman Sadiq, in ni ne, zan tsayar da shi na ɗan lokaci in ga ko idon zai washe. Ƙoda biyu ce, ana ma dasa wata. Ido fa?

Sista (Bukuru):
Baban Ummi, don girman Allah ka janye wannan shawara kafin wani ya ɗauka. Maman Sadiq, kada ki tsallake ko ƙwaya ɗaya sai likitansa ya ce. Yaron da ya daɗe yana shan firednisolon, jikinsa ya rage yin nasa sinadarin da maganin ke maye wa gurbi. In aka yanke lokaci guda, zai iya galabaita, ya yi ta amai, jininsa ya faɗi, har a rasa shi. Shi ya sa kullum a hankali ake saukar da shi. Ga kuma kumburin da zai dawo.

Ni a sashen ido nake aiki, bari in faɗa miki abin da bayaninki ya sa na yi zargi, amma awo ne zai tabbatar. Akwai yanar ido da irin wannan magani ke kawowa in an daɗe ana sha. Ba irin ta tsofaffi ba ce da ake hango fari tun daga nesa. A bayan madubin cikin ido take zama, daidai tsakiya, inda haske ke bi. In rana ta ƙwalle, ɗan baƙin tsakiyar ido yana tsukewa, sai hasken da ke shiga duk ya bi ta kan yanar, ya watse. Da yamma baƙin ya buɗe, haske ya samu hanya ta gefe, yaro ya ga ƙalau. Tocilan waya ba zai nuna miki ita ba. Sai an ɗiga maganin buɗe ido, an zaunar da shi gaban na'urar nan da ake ɗora haɓa a kai. Zai iya kasancewa ma gilashi kawai yake buƙata, kamar kowane yaro.

Baban Ummi (Rikkos):
Sista, ai kin tabbatar da maganata. Maganin ne.

Likita (mai kula da zaure):
Wa alaikumus salam. Malam Baban Ummi, damuwarka gaskiya ce. Kumburin fuska da tsayawar girma da yanar ido duk sanannun illolin maganin ne, babu likitan da zai musa maka. Amma kafin a fara amfani da irin wannan magani a shekarun 1950, yara masu wannan ciwo da yawa mutuwa suke yi, galibi saboda cututtukan da ke kama su in furotin ya zube garkuwar jiki ta yi rauni. Abin da ake yi shi ne a sha shi ana sa ido. In yaro na yawan komawa ciwo, ko illa ta bayyana, akwai wasu magunguna da ake haɗawa don a rage firednisolon, irin su lebamisol ko takrolimus. Amma likitan ƙoda ba zai san lokacin canjawa ya yi ba in babu wanda ya duba idon ya rubuto masa.

Kuma ni yanar ba ita ta fi tsorata ni ba. Yanar ido ana cire ta da tiyata, a sa madubin roba, gani ya dawo. Abin tsoro shi ne hawan jinin ido. Maganin na iya sa ruwan cikin ido ya daina fita yadda ya kamata, matsi ya taru, ya riƙa danne jijiyar gani. Yawancin mutane awonsu tsakanin 10 ne da 21. Yara sun fi manya saurin hauhawa in suna kan wannan magani, kuma galibi babu zafi, babu ja, yaro ba zai ce komai ba. Kamar gara ce a cikin azara, waje lafiya lau, ciki an cinye. Daga gefe-gefe ganin ke fara tafiya. In an gano da wuri, matsin kan sauka in an rage magani ko an ba da na ɗigawa. Amma abin da ya mutu na jijiya ba ya dawowa, ko a Jos ko a Ingila.

Don haka duk yaron da ke zauren nan da ya yi watanni yana shan firednisolon, a kai shi awon ido ko bai yi ƙorafi ba. Aƙalla sau ɗaya a shekara, wasu likitocin ma duk wata shida suke so in maganin na da yawa.

Baban Ummi (Rikkos):
Likita, Allah ya ƙara girma, na ji. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Awon jini kuɗi, awon fitsari kuɗi, magani kuɗi, kuɗin keke daga nan zuwa asibiti a Lamingo da dawowa, ga ranar kasuwa ta tafi. Yanzu a ce mu buɗe sabon kati a wani sashe, mu bi sabon layi, don ciwon da ba mu gani ba. Ku kuna faɗin abin da ya kamata, mu muna lissafin abin da ke aljihu.

Maman Joy (Tudun Wada):
Baban Ummi bai yi ƙarya ba. Abin da nake yi ni, ina roƙon likitanmu ya rubuta mana takardar turawa, sai in nemi a haɗa mana rana ɗaya da ranar ganin likitan ƙoda. Kuɗin mota ɗaya, wuni ɗaya. Ba kullum ake dacewa ba, amma ana samu. JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, na da sashen ido, asibitin Jankwano ma na da shi, ba sai an je Kaduna ba sai in su suka tura ka Cibiyar Ido ta Ƙasa.

Maman Sadiq, ki tafi da hula mai baki ko baƙin gilashi. In aka ɗiga maganin buɗe idon nan, yaro zai yi awoyi yana gani dishi-dishi, rana na damunsa. Kada ki tsorata, yana wucewa. Kuma ranar ba zai iya karatu ba, ki sanar da makaranta.

Hajiya Kaka (Anguwan Rogo):
Sannunku 'ya'yana. Jikata ce ke rubuta min. Mu a zamaninmu in idon yaro ya yi rauni tozali ake sa masa safe da yamma, ido ya yi tas. Yanzu kuma sanyi ya shigo, ƙurar hunturu ta cika gari, idon yara duk ya yi ja. Ko ba ƙurar ba ce ke damun yaron nan? A gwada tozali mai kyau na dutse kafin a kashe kuɗi.

Sista (Bukuru):
Hajiya, barka da hutawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ki yi min haƙuri, a kan yaro mai ciwon ƙoda ba zan goyi bayan tozalin dutse ba. Dutsen nan mai ƙyalli da ake niƙawa, yawancinsa dalma ce. Yaro ya murza ido ya kai hannu baki, ta shiga jiki. A 2011 an samu wani jariri ɗan iyayen Nijeriya a birnin Boston na Amurka da dalma a jininsa, da aka bincika sai aka ga daga tozalin da ake sa masa ne, sama da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Mu kuma ba sai an ba mu labarin dalma ba, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwa, tana taɓa ƙoda. Ƙodar da ke fama da kanta ba ta buƙatar ƙarin kaya.

Hajiya Kaka (Anguwan Rogo):
Ikon Allah. To mu dai da shi muka tashi, amma ba zan yi jayayya da masu ilimin abin ba. Allah ya ba yaran lafiya.

Maman 'Yan Biyu (Nasarawa):
Tunda an zo maganar jan ido, bari in sa baki. Nawa Hassan shekararsa 13, wankin ƙoda ake masa. Idonsa kullum ja, yana cewa kamar an zuba masa yashi. Na ɗauka afolo ne, to afolo ai ba ya wata da watanni, kuma babu wanda ya ɗauka a gidan, har Usaini da suke kwana ɗaki ɗaya. Babu kwantsa. In na duba da kyau, a gefen baƙin idon, dama da hagu, akwai wani abu fari-fari kamar an barbaɗa alli. Wata maƙwabciya ta kawo min ɗan kwalbar magani daga kemis, ta ce ɗanta shi ya yi masa aiki. Ban fara ba tukuna.

Likita (mai kula da zaure):
Madalla da ba ki fara ba, Maman 'Yan Biyu. Abin da kika kwatanta ya yi kama da wani abu da muke gani ga waɗanda ƙodarsu ta yi rauni sosai. Ƙoda ce ke fitar da fosfet, wani sinadari da ake samu daga abinci, daga jini. In ta gaza sai ya taru, ya haɗu da kalsiyam, su riƙa kwanciya a wurare daban-daban na jiki. A ido suna zama ne a ɓangaren da fatar ido ba ta rufewa in ido na buɗe, shi ya sa kika gan shi dama da hagu, ba sama da ƙasa ba. Shi ke kawo jan da kaikayin. In aka bar shi yana iya ratsowa ta kan baƙin ido ya tare gani, kodayake likitocin ido na da hanyar narkar da shi.

Maganinsa na asali a jini yake. Ki tambaya a auna masa fosfet da kalsiyam. In an ba shi ƙwayar da ke kama fosfet, tare da abinci ake shan ta, tsakiyar ci, don a cikin hanji take aikinta. Iyaye da yawa na bayarwa da safe kafin karin kumallo ko da dare bayan an gama komai, sai ta tafi a banza. Baƙin lemon kwalba a bar shi gaba ɗaya. Madara da gyaɗa da wake su ma suna da fosfet, amma kada ki hana shi da kanki, yaro ne mai girma, ki nemi a haɗa ki da masu tsara abinci su auna masa. Kafin nan likitan ido zai iya ba shi ruwan hawaye na kwalba don ya rage masa bushewa, musamman da iskar nan ta Disamba.

Sista (Bukuru):
Ki duba jikin kwalbar da aka kawo miki. In kin ga dekzametason ko betametason, dangin firednisolon ne. Wannan shi ke ci min rai a garin nan. Yaranmu na Filato da yawa na da kaikayin ido na ƙura, farin idon ya koma ruwan ƙasa. Sai a je kemis a sayo irin wannan, ja ya tafi cikin kwana biyu, uwa ta ji daɗi, kwalba ta ƙare a sayo wata, shekara guda ana ɗigawa. Ranar da za a kawo mana yaron, jijiya ta riga ta tafi. To ku ɗauka yaron da dama yana shan na baki, a ƙara masa na ɗigawa.

Mai Kemis (Bauchi Road):
Sista, a yi mana adalci. Ba duka muka taru muka zama ɗaya ba. Ni in uwa ta zo da tsohuwar kwalba ta ce a ba ta irinta, ina tambaya wa ya rubuta. Wasu su yi fushi su tsallaka shago na gaba. Kuma ba wanda ke zuwa ya ce min yarona na da ciwon ƙoda. Ciwon kai za a ce, a ba da Brufen, alhali an ce ba a son sa ga mai ƙoda.

Likita (mai kula da zaure):
Malam, wannan magana taka ta ƙarshe ita ce babba, kuma ba a kemis kaɗai ba. Iyaye, duk inda kuka kai yaro, kafin a tambaye ku, ku ce yana da ciwon ƙoda, ga magungunan da yake sha. Ku tafi da kwalayen a leda. Har wurin likitan ido. Akwai ƙwayar da ake bayarwa don sauke hawan jinin ido, Diamox, ta ƙoda take fita, kuma tana iya yi wa mai raunin ƙoda illa sosai. Likitan da bai san tarihin yaro ba zai iya rubuta ta da kyakkyawar niyya. Brufen da diklofenak kuwa a nisance su, farasitamol ya wadatar sai in likita ya ce wani abu.

Sai abu ɗaya da ban so a tashi ba a faɗa ba. Duk abin da muka tattauna yana ba da lokaci. Akwai wanda ba ya bayarwa. Yaro mai ciwon ƙoda da ya ce kansa na sarawa, yana amai, yana gani biyu-biyu ko ya ce duhu ya rufe shi, balle ya fara jijjiga, wannan hawan jini ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. A nufi sashen gaggawa a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne. Na san a gida za a ce iska ce ko kambun baka. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya. Sau da yawa in an sauke jinin da wuri ganin na dawowa. Kuma masu na'urar awo a gida, a nemi abin ɗaurawa daidai damtsen yaro. Na manya in ya yi masa yawa yana nuna awo ƙasa da gaskiya, ku kwanta da murna alhali jini na sama.

Baban Ummi (Rikkos):
To na ji batun yankewa, na janye. Maman Sadiq, ki bi ta Sista. Amma har yanzu ina da ƙorafi: me ya sa ba a faɗa mana haka tun ranar da aka fara ba mu maganin? Sai a zaure za mu ji? Takarda ɗaya da Hausa a manna a bango ai ba ta fi ƙarfin kowa ba.

Sista (Bukuru):
A nan kam ina bayanka. Ɗakin ganin likita cike, kowa na sauri, ana ta ƙoda an manta da ido. Amma ku ma ku riƙa tambaya, haƙƙinku ne. Ka ce, likita, yaushe za a duba mata ido? Kuma in aka ce yanar ido ce, don Allah kada a kai yaro wurin masu kwantar da ita da tsinke a gida. Tura madubin kawai suke yi ya faɗa cikin ido, daga baya kumburi da hawan jinin ido su biyo.

Malam Ticha (Dilimi):
Ni malamin firamare ne, ɗan ƙanwata ne ya sa na shigo zauren. Maman Sadiq, kafin ranar asibiti ki roƙi malamin ya dawo da shi layin gaba, nesa da taga, inda haske ba ya dukan allo. Yaro in ba ya gani ba ya faɗa, sai dai ya daina kwafa, a ce ya lalace.

Likita, ina da tambaya. Yaron namu shekararsa 12, tun yana ƙarami ake ganin jini a fitsarinsa in an auna. Bana kuma sai an ɗaga murya yake ji, gilashinsa ma an canja ba a daɗe ba ya ce ya daina yi masa. Wani yayanmu ya rasu da ciwon ƙoda yana saurayi, shi ma kunnensa ya yi nauyi. Dangin mijin suna cewa auren zumunci ne ya jawo, don 'ya'yan wa da ƙani ne.

Likita (mai kula da zaure):
Malam, Allah ya jiƙan yayanku. Ba zan yanke hukunci ta waya ba, amma ka faɗa wa likitansa wannan tarihin kamar yadda ka faɗa mana, kada ka rage komai. Akwai ciwon gado da ke haɗa ukun nan, ƙoda da kunne da ido, ana kiransa da sunan Alport, likitan da ya bayyana shi a Ingila a 1927. Wani sinadari guda ne ke gina matatar ƙoda da cikin kunne da fatar madubin ido, in an gaji rauninsa sai ukun su taɓu. Madubin kan turo gaba ya yi tsini, shi ya sa gilashi ke saurin daina aiki. Likitan ido in ya ga wannan siffa, ya taimaka ƙwarai wajen gane ciwon, a inda awon ƙwayar halitta ke da tsada da wuyar samu.

Batun zumunci a bi shi a hankali. Mafi yawan masu wannan ciwo ta wajen uwa yake biyowa, ya fi tsananta ga maza, ko da iyayen ba su haɗa komai ba. Ba laifin uwar ba ne, ita ma gada ta yi, kuma ita ma tana buƙatar a riƙa auna ta. Akwai dai wasu cututtukan da sai uwa da uba duk suna ɗauke da su suke fitowa, irin wanda yaro ke fara dundumi tun yana ƙarami tare da yawan ƙishirwa da fitsari, waɗannan kam zumunci na ƙara yiwuwarsu. Ba su da yawa. Amfanin ganewa da wuri shi ne akwai maganin hawan jini da ke rage zubar furotin ya jinkirta lalacewar ƙodar.

Malam Ticha (Dilimi):
Yana da ƙanne uku, biyu maza. Su ma a kai su ne, ko sai sun nuna alama?

Likita (mai kula da zaure):
A kai su duka, har macen da mahaifiyarsu. Awon fitsari na tsinken takarda da awon hawan jini za a fara da su, ba su da tsada. Jinin da ake nema ba a ganinsa da ido, don haka kada a jira fitsari ya canja launi.

Malam Ticha (Dilimi):
Na gode, Likita. Suna Toro, zan kira ƙanwar tawa bayan isha'i in ji ko za su iya shigowa ranar Litinin.